Shayin Ganyen Giizhik: Yadda Ake Dafa Shi a Gida, da Iyakar da Ba a Ƙetarewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Zariya, ina karatun aikin jinya a birnin Thunder Bay na lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, wannan kuma shi ne hunturuna na biyu a nan. A watan Janairu mura ta kwantar da ni kwana biyar, sai wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ojibwe, ta kawo mini wani shayi mai launin zuma da ƙamshin daji, ta ce ganyen itacen da suke kira giizhik ne. Na sha na ji daɗinsa, har ina so in riƙa dafawa da kaina, domin akwai itace mai kama da shi a shingen gidan da nake haya. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai: ta ce kada in wuce kofi ɗaya a rana amma ba ta faɗi dalili ba, ta kuma ce su sukan ajiye taba a gindin itacen kafin su tsinki ganyensa. Yaya ake dafa shi, mene ne haɗarinsa, kuma dole ne ni ma in ajiye tabar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara lafiya, ya ba da sa'ar karatu. Dattijuwar nan ta riga ta ba ki rabin amsar, domin maganar kofi ɗaya ita ce ginshiƙin al'amarin duka. Mu da muka saba da teburin mai shayi, inda mutum zai sha da safe ya ƙara da hantsi ya sake komawa bayan isha'i, kalmar shayi takan ruɗe mu. A wurin mutanen da suka gaji wannan abin sha, magani ne, kuma da awo ake shan sa, kamar yadda babu mai hankalin da zai mayar da jiƙon maɗaci ruwan shansa na yau da kullum.

Bari mu fara da sunan, saboda a nan mutane da yawa suke ɓata. Turawa suna kiran itatuwa iri-iri da suna ɗaya, wato "cedar", alhali ba danginsu ɗaya ba. Ainihin mai sunan shi ne wanda ke jikin tutar Lebanon, wanda Larabawa ke kira arz, fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa kuma ta kira shi al'ul. Yana fitowa a duwatsun Lebanon da Turkiyya, 'yan'uwansa kuma suna duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya da kuma Himalaya. Wanda aka ba ki ba shi ba ne. Sunansa a wurin masana tsirrai Thuja occidentalis, yana kuma fitowa a fadamu da bakin tafkuna na gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Zan ci gaba da kiransa giizhik kamar yadda masu shi suke kiransa, kuma da gangan na ƙi rubuta sunan Turancin da lafazinmu, domin da na yi haka da ya faɗa daidai kan sunan wata cuta da kowa ya sani, musamman masu karatunmu na Nijar.

Yadda za ki gane shi kuwa, ganyensa ba tsinke-tsinke ba ne kamar allura. Ƙananan ɓawo ne masu hawa kan juna, sun kwanta jikin reshe kamar ƙaramin kitso, reshen kuma shimfiɗaɗɗe ne kamar an danne shi a cikin littafi. Idan kika murza shi a yatsa za ki ji ƙamshi mai ƙarfi da ya ɗan yi kama da na kafur. 'Ya'yansa ƙanana ne busassu masu launin ƙasa, ba su fi kanumfari girma sosai ba, ɓawon jikinsa kuma yana ɓarewa a tsaye zare-zare. Ina so ki riƙe waɗannan alamu da kyau saboda wani tsiro da ake kira Taxus, wanda yake fitowa a dazukan Ontariyo, ake kuma shuka danginsa a matsayin shinge a ƙofar gidaje. Shi ganyensa faffaɗan allura ne, kowanne a ware, 'ya'yansa jajaye ne masu taushi da rami a baki, kuma gubar da ke cikin ganyensa tana iya tsayar da zuciyar mutum. Akwai kuma wani mai 'ya'ya shuɗaye kamar ƙananan duwatsun wuya, Juniperus, wanda shi ma Turawa suka laƙaba wa wancan suna. Kama da wane ba ta wane.

Shi ya sa ban goyi bayan ki fara da shingen gidanku ba. Ko da ya tabbata giizhik ne, itacen shinge yakan sha feshin maganin ƙwari da ba ki san lokacin da aka yi ba, wanda ke bakin titi kuma yana shan hayaƙin mota da gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara. Kada kuma ki shiga gandun dajin gwamnati ki tsinka, domin dokar Kanada ta hana cire tsiro a irin waɗannan wurare. Hanya mafi sauƙi tana maƙwabtaka da ke: ki roƙi dattijuwar ta tafi da ke ranar da za ta je ɗiba, ki ga itacen da idonki, ki shinshina, ki ga inda take sa hannu. Da ɗan gari akan ci gari. Za ki lura ba ta karya babban reshe, ba ta kuma tsige itace ɗaya. Takan ɗauki korayen bakin rassa kaɗan daga nan, kaɗan daga can. Akwai dalili: giizhik ba ya saurin sake toho a inda aka yanke shi har zuwa tsohon reshe, barewar ƙasar kuma da ganyensa take rayuwa idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa. Itace ne mai jinkirin girma ƙwarai, har masu bincike na Jami'ar Guelph sun samu waɗansu ƙanana, karkatattu, maƙale a jikin duwatsun Niagara, da suka haura shekara 1000 suna raye.

Dahuwar kanta ba ta da wuya. Ki sami ɗanyen ganye kore shar, gwargwadon abin da tafin hannunki zai damƙa, ki cire busassun da masu launin ƙasa da 'ya'yan, ki wanke shi sosai da ruwan sanyi. Ki ɗora ruwa lita ɗaya, wato kimanin kofi 4, a tukunyar ƙarfe mai tsabta. Idan ya tafasa sai ki zuba ganyen, ki rage wuta yadda zai riƙa motsi a hankali ba ɓararraka ba, ki bar shi kamar minti 10. Alamar ya yi ita ce ruwan ya koma launin zuma mai haske, ɗakin girki kuma ya ɗauki ƙamshin daji. Ki sauke, ki bari ya ɗan huce, sannan ki duba saman ruwan: idan kin ga wani siririn maiƙo yana yawo, ki kwalfe shi da cokali ki zubar kafin ki tace. Kada ki ce za ki bar shi a wuta har ya yi duhu don ya fi ƙarfi, irin yadda muke yi wa ganyen shayi. Doguwar tafasa tana ƙara masa ɗaci, tana ƙara fito da man da ake gudu, tana kuma lalata bitamin C ɗin da ke ciki. Gida-gida ana samun bambanci, waɗansu sukan zubar da ruwan tafasar farko su sha na biyu, waɗansu kuma ba su dafawa ma, zuba masa tafasasshen ruwa kawai suke yi su rufe. Idan dattijuwar ta nuna miki wata hanya dabam da tawa, ki bi tata.

Abin zaƙin da ya dace da shi a can shi ne maɗin itacen mapul, wato itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada. Mutanen asalin ƙasar ne suka fara tatsar ruwansa a ƙarshen hunturu suna dafawa, kuma sai an ƙone kimanin lita 40 ta ruwan kafin a sami lita ɗaya ta maɗin, wanda ya san aikin mazarƙwaila ba zai yi mamakin tsadarsa ba. Zuma ma tana yi. Madara kuwa ba wurinta ba ne. Ragowar da ba ki sha ba ki sa a firij, kada ya wuce kwana biyu. A ganina ma gara ki dafa rabin abin da na faɗa, tunda ke kaɗai ce.

Yanzu ga dalilin da dattijuwar ba ta faɗa miki ba. A cikin man ganyen akwai wani sinadari da ake kira tujon, wanda daga sunan itacen ma aka samo sunansa. Ke da kike karatun jinya za ki fahimci aikinsa da sauri: yana toshe masu karɓar saƙon GABA a ƙwaƙwalwa, wato birkin da ke hana jijiyoyi yin aiki fiye da kima, don haka idan ya yi yawa a jiki yakan kawo amai, jiri, karkarwa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma wahalar da hanta da ƙoda. Shi ne sinadarin da aka ɗora wa laifi lokacin da Faransa ta haramta giyar absint a 1915. Sa'ar da aka yi ita ce tujon ba ya narkewa sosai a ruwa, shi ya sa abin da ke fita a dahuwar minti 10 kaɗan ne idan aka kwatanta da tataccen man ganyen. Amma kaɗan ɗin da aka sha safe da rana da dare, mako bayan mako, ba kaɗan ba ne kuma. Kofi ɗaya a rana, na 'yan kwanaki lokacin da mura ta kama ki, sannan ki ajiye shi. Mai juna biyu kada ta kusance shi ko kaɗan, domin an daɗe da sanin yana motsa mahaifa, yana iya jawo ɓari. Haka ma mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai farfaɗiya, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Wanda yake kan wani magani na asibiti kuma ya tambayi likitansa tukuna.

Ba zan ce miki yana warkar da mura ba, domin mura da kanta take tafiya idan kwanakinta sun cika. Abin da ruwan ɗumi mai ƙamshi yake yi shi ne sassauta maƙogwaro da majina, kuma wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda ke kwance shi kaɗai a baƙuwar ƙasa. Idan zazzaɓi ya ƙi sauka, ko numfashi ya yi wuya, ko tari ya zarce makonni, kin fi ni sanin cewa asibiti za a nufa. Abin da tarihi ya tabbatar game da dafaffen ganyen itatuwan can masu kore a hunturu shi ne maganin ƙarancin bitamin C, kuma labarin ya cancanci a ba da shi.

A hunturun 1535 zuwa 1536, ƙanƙara ta daskarar da jiragen ruwa uku na Bafaranshe Jacques Cartier kusa da garin Stadakona, inda birnin Kebek yake a yau. Watanni suka shuɗe ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, sai wata cuta ta auka wa mutanensa: dasashi ya kumbura ya ruɓe, haƙora suna zuba, ƙafafu suna kumbura suna baƙi. Cikin mutum 110, a tsakiyar Fabrairu masu lafiya ba su kai 10 ba, 25 kuma suka mutu. Cartier yana ɓoye halin da suke ciki don kada mutanen gari su gane rauninsu, har ranar da ya haɗu da Domagaya, ɗan sarkin garin Donnakona, wanda ya gani kwanaki kaɗan kafin nan da irin wannan ciwo, ga shi yanzu garau. Da ya tambaye shi sirrin, yana fakewa da cewa wani baransa ne ba shi da lafiya, Domagaya ya aiki mata biyu suka ɗebo rassan wani itace da suke kira annedda, aka nuna masa yadda ake dafa ganyen da ɓawon a sha ruwan, a shafa tukar a ƙafafu. Cikin kusan mako guda mutanen suka cinye ƙaton itace guda, suka kuma miƙe. Masana sun yi saɓani a kan wane itace ne annedda, da yawa suna cewa giizhik ne, waɗansu suna kawo wasu itatuwan yankin. Amma a Faransa giizhik ne ya sami laƙabin Latin arbor vitae, wato itacen rai, sunan da masu sayar da dashe suke kiransa da shi har yau. Wannan ya faru fiye da shekara 200 kafin likitan Ingila James Lind ya gwada lemu a kan matuƙan jirgi masu wannan cuta a 1747.

Sakayyar da Cartier ya yi ita ce, a watan Mayun 1536 ya kama Donnakona da Domagaya da waɗansu ya tafi da su Faransa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya sake ganin ƙasarsa. Da wani Bafaranshen, Samuel de Champlain, ya kafa Kebek a 1608, mutanen Stadakona sun riga sun watse, babu mai nuna annedda, sai hunturun farko ya kashe 20 daga cikin mutanensa 28, da yawansu da wannan cuta. Itatuwan suna tsaye kewaye da su.

Wannan ya kawo mu maganar taba. Al'ummar Anishinaabe, waɗanda Ojibwe suke cikinsu, suna da tsirrai huɗu da suke ɗauka masu tsarki: taba da suke kira asemaa, da giizhik, da wiingashk wadda ciyawa ce mai ƙamshi da ake kitsewa, da mashkodewashk mai farin ganye da ake turare da shi. Sukan kira wannan itace Nookomis Giizhik, wato Kaka Giizhik. Ban da sha, suna wanka da ruwansa, suna turara shi, suna shimfiɗa shi a ɗakin sirace na ibadarsu, suna rataye shi a ƙofa. Ajiye taba kafin a tsinka, a wurinsu, neman izini ne da godiya da kuma addu'a, ke nan wani ɓangare ne na addininsu, ba ɗaya daga cikin matakan girki ba. Kuma abu ne da suka sha wuya kafin su riƙe shi: tun daga 1884 dokar Kanada ta fara haramta manyan bukukuwan ibadar mutanen asali, ba a cire haramcin ba sai 1951, an kuma riƙa ƙwace 'ya'yansu ana kai su makarantun kwana inda ake hana su harshensu, na ƙarshe daga cikin makarantun ba a rufe su ba sai a shekarun 1990. A Amurka ma sai 1978 aka yi dokar kare 'yancin addininsu. Na kawo wannan ne don ki san nauyin abin da aka miƙo miki a kofi, don kuma kada bakinki ya suɓuce ki kira su da tsohon sunan nan na Jajayen Indiyawa, wanda ba su so.

Ra'ayina shi ne ba dole ba ne ki ajiye taba, kuma kwaikwayon ibadar da ba ki yi imani da ita ba ba girmamawa ba ce gare su, balle ga naki addinin. Ki gaya wa dattijuwar gaskiya cikin ladabi, cewa ke da bisimilla kike farawa, da hamdala kike rufewa. Dattawa irinta sun fi gane wannan magana fiye da yadda kike zato. Abin da za ki iya ɗauka daga gare ta ba tare da wani taraddadi ba shi ne sauran ladubban: kada a ɗiba fiye da buƙata, kada a illata itacen, kada a mayar da abin kayan sayarwa, a mayar da tukar ganyen ƙasa maimakon kwandon shara. Ranar da za ki je wurinta kuma kada ki tafi hannu rabbana. Idan kina da zoɓo ko garin kuka da kika taho da shi daga gida, ki kai mata, ki nuna mata yadda ake haɗawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga bidiyon wannan shayi a waya, kuma a harabar ofishinmu a Kaduna akwai itacen ado mai irin ganyen sak. Zan iya tsinka in dafa wa iyalina? Idan bai yiwu ba, na ga ana tallar man ganyen a ƙananan kwalabe a intanet, ko in saya in riƙa ɗigawa a ruwan zafi?

AMSA: Barka kadai, Malam. Amsar duka biyun ita ce a'a, ta biyun ma ta fi ƙarfi. Giizhik itacen ƙasar sanyi ne, ba ya cikin itatuwan dajinmu, kuma masu kama da shi da ake shukawa don ado a harabar ofisoshi da otal-otal baƙi ne da aka shigo da su, waɗanda mai lambun da ya dasa su ma sau da yawa da sunan fulawa kawai ya san su. Akwai wani ɗan asalin ƙasar Sin, Platycladus orientalis, da ya yi kama da shi har masana da kansu sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin Thuja kafin su ware shi. Hoton waya ba ya isa a raba su, ba kuma a gwada tsiron da ba a sani ba a cikin yara.

Man kwalba kuwa shi ne inda tujon ya taru gaba ɗaya, domin sai an turara tarin ganye kafin a tatsi ɗan abin da zai cika ƙaramar kwalba. An yi shi don ƙamshi, ba don ciki ba, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya jefa mutum cikin jijjiga, yaro kuwa abin ya fi muni. Idan akwai shi a gida, a ajiye shi inda ake ajiye fiya-fiya.

In bitamin C kake nema wa iyali, babu abin da zai kai ka dajin Kanada. Abin da hukumomin lafiya na Amurka da Kanada suka ƙayyade wa baligi a rana shi ne miligiram 90 ga namiji, 75 ga mace, kuma lemun zaƙi guda matsakaici yana ba da kusan 70, gwaiba guda ma ta zarce haka. Garin 'ya'yan kuka da yara ke tsotsa yana cikin abubuwan da suka fi yawan wannan bitamin, sai dai a dama shi da ruwan sanyi ko a zuba a kunu bayan an sauke, domin zafi yana rage shi. Mutanen Cartier sun shiga wancan hali ne saboda wata biyar ƙanƙara ta rufe su ba su ga ɗanyen abu ba, kai kuwa mai lemu yana tura baro a ƙofar ofishinku. In kuma ɗumin da ƙamshin ne suka burge ka a lokacin hunturu, citta da kanumfari da ɗan lemun tsami da aka matsa bayan an sauke tukunya za su yi maka aikin.